Kwamfuta Ta Biyar

Talata, 4 ga Maris

'Yar Kawu,

Ina gaishe ki, gaisuwar wanda ya daɗe bai rubuto ba kuma ya san laifinsa. Ina fata kina lafiya, aiki bai cinye ki ba. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da take tashi lokaci-lokaci. Jaririyarmu ta fara haƙori, ta hana uwarta sakat. Ranar Asabar na je na duba Kawu. Jinin ya sauka, yana shan maganinsa. Ya ce in gaya miki kin fi wata ba ki kira shi ba, shi kuma ba zai kira ba tunda shi ya haife ki.

Matsala ce ta taso mini a wurin aiki, na ga gara in rubuta, don a waya rikicewa nake yi.

Kin tuna kwamfutocin nan huɗu da kika taimaka mini muka kafa a Yulin bara da kika zo hutu, waɗanda kamfaninmu na motocin safa yake sayar da tikiti a kansu ta intanet. Har yau ban saba da cewa ba zan iya taɓa su da hannu ba. Suna can a abin da ake kira gajimare, wato a na'urorin wani kamfani da muke haya ta intanet, ni ina nan a ɗakina na ƙarƙashin bene ina leƙen su ta allo. Sunayensu na nan: Ɗaya, Biyu, Uku, Huɗu. Na'urar da take tsaye a gabansu tana raba musu masu saye kuwa, har yanzu Ɗan Kamasho nake ce mata, duk da dariyar da kika yi mini.

Tsarina bai canza ba. In zan sauya wani abu a fayil ɗin saiti, sai in cire Ɗaya daga layi, in gyara, in gwada, in mayar da ita, in rubuta lokaci a littafina. Sannan Biyu, haka har Huɗu. In na gama sai in jera fayil huɗun in bi su layi-layi, in tabbatar bakinsu ɗaya.

A Janairu na sauya rumbun da suke rubuta kujerun da aka sayar, saboda tsohon ya yi mana kaɗan. Layi ɗaya ne a saiti, adireshin rumbun. Na gyara shi a duka huɗun. Tsohon rumbun ban rufe shi ba, kin san ni da ajiya.

Tun daga nan, Juma'a uku ke nan ana sayar wa mutum biyu kujera ɗaya. Ba kowace Juma'a ba, sai wadda aka yi cunkoso. A ta ƙarshe na fita harabar tasha na gani da idona. Wata dattijuwa da za ta je jinyar 'yarta, da wani malamin makaranta, kowa riƙe da tikitin kujera ta goma sha huɗu, mota kuma ta cika. Malamin ya bar mata, amma sai da ya tsaya ya wanke mu tas. Babban Direba ya nuna ni ya ce ga shi can, mutumin da zai koya wa fasinjoji goyon juna. Aka yi dariya, ni ma na yi, don na rasa yadda zan yi da fuskata.

Manaja ya kira ni ofis. Ya ce shekara goma sha huɗu bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma in aka sake, zai nemo wanda ya karanci abin a makaranta. Ban ga laifinsa ba. Takardar sakandare ce kawai gare ni, sauran duk a kan aiki na tsinta.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Tikitin da suka yi karo, na same su kwance a tsohon rumbu. Ke nan akwai kwamfutar da take rubutu a can, sauran ba sa gani. Amma na duba fayil huɗun sau tara, duk sabon adireshi ne. Sannan kin san kowane tikiti yana da wutsiya, haruffa huɗun ƙarshe da ke nuna wadda ta fitar da shi. Waɗannan wutsiyarsu ba ta kowa ba ce a cikin huɗun, kuma kowace Juma'a daban take.

Na fara zargin idona. Wataƙila ina kallon kuskuren ne ina karanta shi daidai, saboda ni na rubuta shi. Ga hotunan shafukan littafina na Janairu na haɗo miki. Ki duba mini, ke da kike da sabon ido. Kuma ki gaya mini, in rufe tsohon rumbun ko in bari?

Naki,
Ɗan Gwaggo

Laraba, 12 ga Maris

Akawun Gwaggo,

Na ga wasiƙarka, a zama uku na karanta ta. Kai ko atishawa za ka yi sai ka sa mata kwanan wata. Lafiyata ƙalau, aiki ne ya sha mini kai. Tun bara kamfanin nan suke gwada ni, har yanzu ba su tabbatar da ni ba. A gaishe da Gwaggo, a ce ta rage zirga-zirga. A shafa mini kan mai haƙori, a yi wa Anti sannu. Baba na kira shi, ya yi mini faɗa na minti ashirin, alamar ya samu sauƙi.

Maganar kwamfutoci, kada ka sa ta a ranka. Wutsiyar tikiti ba abar dogaro ba ce, takan sauya in na'ura ta mutu ta tashi. Gaskiyar magana, Yaya, wannan bin ɗaya-ɗaya da hannu da kake yi, zamaninsa ya wuce. Yanzu wuri ɗaya ake ajiye saiti, kowace ta je ta ɗebo da kanta. Ko yara huɗu ka aika da saƙo ɗaya, sai ɗaya ya dawo da wani abu daban.

Kada ka rufe tsohon rumbun tukuna, bar shi yadda yake har in duba. Ka turo mini sauran shafukan littafin tun daga Yuli, da adireshin Manajanku. Zan rubuta masa a matsayin wadda ta san aikin, in yi masa bayani ya sassauta maka. Mabuɗin shiga da ka buɗe mini a bara yana nan ko? Kada ka cire shi, da shi zan leƙa.

Taka, wadda ta fi ka kai,
'Yar Kawu

Litinin, 31 ga Maris

'Yar Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Gida lafiya. Haƙoran sun fito guda biyu a ƙasa, zazzaɓin ya sauka. Inna ta ce ta ji saƙonki, amma ƙafarta ce ba taki ba.

Na turo miki shafukan da adireshin tun ranar sha uku ga wata. Daga nan ban sake jin ki ba. Na kira sau huɗu, na rubuta ranakun, amma ba zan lissafa miki su ba.

Na bar tsohon rumbun a buɗe kamar yadda kika ce. Ranar Juma'a ashirin da ɗaya ga wata aka sake. Kujera shida a mota uku. Cikinsu akwai wani mutum da matarsa mai ciki, da aka sauke su aka ce su jira motar gobe. Mai sayar da tikiti a taga ita ta sha zagin, ta shigo ɗakina idonta jawur, ta ce ita dai in gaya mata ranar da zan gyara, ta ɗauki hutu kafin nan. Litinin aka ba ni takardar gargaɗi. An rubuta cewa Mai Kamfani zai zauna a kan maganata ranar sha huɗu ga Afrilu.

Ranar Alhamis da ta wuce Manaja ya sake kira na. Yana da wata takarda mai shafi goma sha biyu a kan teburinsa, da bango mai sheƙi. Ya buɗe shafi na bakwai ya juyo mini da shi.

"Ka san wannan rubutun?"

"Nawa ne," na ce.

Hoton littafina ne, shafin ranar da na sauya adireshi. An zagaye wani wuri da jan layi, inda na rubuta ƙarfe goma da kwata a gaban Uku, na soke na mayar sha ɗaya da kwata. A ƙasa an rubuta cewa wannan yana nuna ba a bin tsari, kuma tushen matsalar shi ne sakacin mai aikin hannu. Sai shawara a ƙarshe, cewa kamfaninku zai iya karɓar aikin gaba ɗaya, yadda ba za a ƙara buƙatar hannun mutum ba. Na duba shafin ƙarshe, na ga sa hannunki.

Manaja ya ce shi abin da ya burge shi, 'yar uwata ce ta rubuta, ba ta rufa mini ba, irin mutanen da ake nema ke nan. Na ce haka ne. Na tashi na koma ɗakina.

Wannan soke-soken, bari in gaya miki dalilinsa, tunda ba ki tambaya ba. Agogon bangon ɗakina ne batirinsa ya yi sanyi ranar. Na rubuta abin da ya nuna, da na duba wayata na gyara. Yana nan a littafina na gida, na rubuta har da sayen batirin.

Na kwana huɗu ina juya abin kafin in rubuto. Na ce wataƙila ba ke kika zaɓi kalmar ba, wani na sama da ke ne ya sa ta. Na ce wataƙila kin duba kin ga kuskure na gaske, kunya ta hana ki gaya mini. In haka ne, ki gaya mini layin, ki gaya mini kwamfutar. Wallahi zan karɓa. Ni kaina na fi kowa zargin kaina. Amma a duk shafi goma sha biyun ba a nuna fayil ɗaya da ya bambanta da 'yan uwansa ba. Kuma maganar wutsiyar tikiti, da na cika miki rabin wasiƙa da ita, ko sau ɗaya ba a ambace ta ba.

Kin ce za ki rubuta masa ya sassauta mini. Ina jiran bayaninki.

Ɗan Gwaggo

Asabar, 5 ga Afrilu

'Yar Kawu,

Ina fata kina lafiya. Mu ma haka. Ban ga amsarki ba, amma ba ita ta sa na rubuto ba.

Jiya Juma'a, makarantu sun yi hutu, na san za a yi cunkoso. Na ce yau ba fayil zan duba ba, na gaji da su. Na buɗe shafin Ɗan Kamasho, inda yake jera waɗanda yake tura wa mutane, na zauna ina sabunta shi kowane minti biyu. Mai shayin bakin tasha ya aiko a tambaya ko lafiya ban fito ba.

Ƙarfe biyu da minti arba'in, suka zama biyar.

Na cire tabarau na goge na mayar. Biyar ne. Ga Ɗaya, Biyu, Uku, Huɗu, ga wata a ƙasansu mai suna kamar lambar mota, Ɗan Kamasho kuma ya fara tura mata mutane kamar ya san ta tun da. Nan take na cire ta daga layi. Ta riga ta sayar da tikiti biyu, na kira mai taga ta gyara su kafin su yi karo da na wani.

Na shiga cikinta na buɗe fayil ɗin saitinta. Tsohon adireshi ne. Komai nata na Yulin bara ne, har da wani layin tunatarwa da na rubuta wa kaina a lokacin, da kuskuren harafin da na gyara tun Oktoba. Kamar na buɗe ƙofa na tarar da kaina na bara yana zaune yana aiki.

Na bi sawunta har na gano inda ta fito. Akwai wata doka da aka kafa a wani shafi da ban taɓa shiga ba, saboda ban san muna amfani da shi ba. Dokar ta ce in nauyi ya wuce kashi saba'in, a ƙera sabuwar kwamfuta daga hoton Ɗaya, wato kwafinta da muka ɗauka muka ajiye a Yuli, in nauyin ya sauka a kashe ta. Shi ya sa in na zo dubawa ranar Asabar ba na samun kowa. Shi ya sa wutsiyar take sauyawa, kowace Juma'a sabuwa ake haifa. Kafin Janairu ba ta yi ɓarna ba saboda bakinta ɗaya da sauran. Ni na yi ta gyara huɗu ina sa alama, ta biyar tana can a ajiye da tsohon karatu.

Na dakatar da dokar, na rufe tsohon rumbun.

A gefen dokar an rubuta mabuɗin da ya kafa ta. Mabuɗai biyu ne kawai a gidan nan, nawa da wanda na buɗe miki. Ba nawa ba ne.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Na fita na sha shayin, na dawo na rubuta abin da na gani a littafi, na zauna. Wata uku ina tunanin kaina ne ya fara taɓuwa. Ya kamata in yi murna, amma ban ji ta ba.

Ke ce? In ke ce, tun yaushe kika gane?

Ɗan Gwaggo

Talata, 8 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da gida. Ka yi haƙuri da shiruna, tafiya aka tura ni.

E, ni na kafa ta, tun ina nan a Yuli, don in sauƙaƙa maka ranakun cunkoso. Kuma na gaya maka. Ka je ka duba wasiƙata ta sha biyu ga Agusta, tunda na san ba ka yar da komai. Na rubuta maka ƙarara: "Ita kuma waccan, in nauyi ya kai mata za ta haihu da kanta, kai dai ka daina tayar da hankalinka." Me kake tsammani nake nufi? Haka muke faɗa a wurin aiki, kwamfuta ta haihu. Da ka karanta da kyau, da ka san in ka gyara huɗu sai ka sabunta hoton ma. Ban ce laifinka ne kai kaɗai ba, ya kamata in ƙara maka bayani. Amma ba a ɓoye na yi ba.

Kalmar sakaci kuwa, ita ake sa wa a kowane rahoto irin wannan, ba zagi ba ce. Kai ka ɗauke ta da zafi.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Kada ka kai wa Manaja maganar mabuɗi. Dokar kamfaninku ta hana a ba na waje mabuɗi, kai ka gaya mini haka da bakinka ranar da kake buɗe mini. In ka nuna musu, kanka za ka fara yankewa, sannan ni. Wannan kwangilar ta karɓar aikinku ita ce za ta sa a tabbatar da ni. In ta tabbata, ni zan riƙe aikin, kuma zan ce ina buƙatar mutum a nan wanda ya san gidan. Wa ya fi ka? Ka bar su su rubuta abin da suke so, takarda ce.

Ka tuna da jinin Baba. In ya ji ni da kai muna tone-tone a gaban baƙi, ka san abin da zai faru. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ƙanwarka

Alhamis, 10 ga Afrilu

'Yar Kawu,

Lafiya muke, ina fata ke ma haka.

Na yarda da ke yini guda cur. Na nemo wasiƙar Agustan, na ga layin yana nan yadda kika faɗa, harafi bai sauya ba. Na ce shi ke nan, ashe ni ne dai. An gaya mini ban gane ba, irin ta wanda bai yi karatu mai zurfi ba. Har na fara rubuta miki ban haƙuri, na kai layi biyar.

Sai na je zan shigar da abin a littafina na gida, kuma kin san ba na rubuta rana sai na tabbatar da ita. Na koma shafin dokar na duba ranar da aka kafa ta. Biyar ga Satumba. Ba Yuli ba. Kwana ashirin da huɗu bayan wasiƙarki, lokacin kin koma kin fara sabon aikinki.

Na ɗauko littafin bara na buɗe Agusta. Ranar sha ɗaya na rubuta miki cewa Antinki ta wuce kwanakin haihuwarta da mako guda, likita yana maganar yi mata tiyata, ni ko abinci ba na iya ci. Ranar sha biyu kika amsa. Layin da ke sama da wanda kika ɗauko, cewa kika yi a gaishe da Gwaggo. Na ƙasa da shi, cewa kika yi in mace ce a sa mata sunanki ko ki yi fushi. Babu kwamfuta a wasiƙar daga sama har ƙasa.

Ga abin da na rubuta a littafina a ranar: na karanta wa maman yara saƙon 'yar Kawu, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ka ga ƙaramar yarinya ta fi ka hankali. Ranar ashirin ta haihu da kanta.

Na san abin da na yi. Na ba ki mabuɗi ba da izini ba, na bar shi wata tara. Na ga wutsiyar da ban sani ba, maimakon in bi ta, sai na bi kaina da zargi. Waɗannan nawa ne. Dokar da kika kafa ma, da cewa kika yi kin gwada abu kin manta, da na ce ƙuruciya ce, mu gyara. Rahoton ma, da zan iya cewa tsoro ne ya sa ki.

Amma wannan layin, ranar da na karanta shi na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Shi kika koma kika tono, kika wanke shi kika ba ni a matsayin shaidar cewa ni ne ban iya karatu ba. Kin san zan yarda, don kin san ni.

Zaman ranar Litinin ne, ƙarfe goma. Kina da adireshin Manaja, ni na ba ki. Ki rubuta masa kafin nan ki gaya masa wanda ya kafa dokar da ranar da aka kafa ta. In kin yi, ni zan ce ni na roƙe ki ki shiga, in ɗauki rabin kayan. In ba ki yi ba, zan shiga da takarduna.

Ɗan Gwaggo

Lahadi, 13 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba zan iya ba. A Satumba a wurin aikinmu an ce kowa ya nuna abin da ya taɓa yi a kan aiki na gaske, ni kuma ba ni da komai sai naku. Na kunna dokar na nuna musu, na ce zan kashe, na manta. Da wasiƙarka ta farko ta zo na gane tun a layin wutsiya. Na so in gyara a ɓoye, sai shugabana ya ga shafukanka a kan teburina ya ce ga kasuwa. Daga nan abin ya fi ƙarfina.

In suka ji, ba kora kawai ba ce, ba wanda zai ƙara ɗauka ta a wannan sana'ar. Kai shekararka arba'in da biyu, kowa ya san ka. Ni yanzu na fara. Don Allah, don darajar Gwaggo da Baba, ka yi shiru na awa ɗaya.

Ƙanwarka

Talata, 15 ga Afrilu

Injiniya,

Ina fata kina lafiya. Gida lafiya, Kawu ma na gan shi jiya da yamma, yana nan ƙalau.

An yi zaman. Mai Kamfani ne, da Manaja, da Sakatariya tana rubutu. Na tsaya a ƙofa minti biyar kafin in shiga, na duba wayata ko kin rubuto masa a ƙarshe kin sanar da ni. Na yi tunanin awa ɗayan da kika roƙa. Shirun awa ɗaya ba shi da wuya, na yi na shekara goma sha huɗu. Amma in na yi shi, takardar da za ta bi ni duk inda na je neman aiki za ta ce ni mai sakaci ne, ni kuma ba ni da digiri da zan ɗora a kanta in rufe. Abin da nake da shi ke nan, a ce in an ba shi aiki yana bi layi-layi.

Na shiga da takarda uku: shafin dokar da ranarta da mabuɗin da ya kafa ta, fayil ɗin ta biyar, da jerin wutsiyoyin tikiti. Wasiƙunki ban kai ba, na gida ne. Na fara da laifina kafin a tambaye ni. Mai Kamfani ya daɗe yana kallon takardar farko, ya sa Manaja ya yi masa bayanin ta biyar sau biyu. Da ya gane sai ya ce, wato motar da ba ta cikin rajista ce take shigowa tasha ta yi lodi ta fice. Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

"Mai wannan mabuɗin, mece ce ita a wurinka?"

"'Yar kawuna ce."

"Kai ka ba ta?"

"Ni na ba ta."

Ya ce da baƙo na ba, da ya ce an yaudare ni. Manaja bai ɗago kai ba, yana ta juya rahotonki mai bango, a ƙarshe ya tura shi gefe. Abin da za su yi da shi ban sani ba, ban tambaya ba, amma na ji an ce Sakatariya ta nemo lambar shugabanki.

Ni an ba ni zuwa ƙarshen wata. Na roƙi a karanta mini abin da za a rubuta a takardar sallamata. Sakatariya ta karanta: ya ba wadda ba ma'aikaciya ba mabuɗin kamfani. Na ce a ƙara wani abu? Mai Kamfani ya ce a ƙara cewa shi ya gano matsalar kuma shi ya kawo kansa. Na sa hannu. An sallame ni a kan abin da na yi, wannan zan iya ɗauka.

Kwana goma sha biyar ɗin da suka rage, zan tattara saitin wuri ɗaya yadda kowace za ta ɗebo da kanta, har wadda za a haifa gobe. Shawararki ce, kuma daidai ce, ban taɓa musun kin fi ni sanin aikin ba. Babban Direba ya ce akwai wani kamfanin dakon kaya da ke neman mutum, zai kai ni ranar Asabar. Ya ce shi ba ya son ya rasa wanda zai riƙa tsokana.

Maman yara ta san komai. Ta saurara har ƙarshe, sai ta tashi ta ɗauki yarinyar ta shiga ɗaki. Kawu ban gaya masa ba kuma ba zan gaya masa ba. Na ce masa canjin aiki zan yi. In kin ga dama ki faɗa masa da bakinki, in kin ga dama ki bari.

Inna tana tambaya ko za ki zo hutu a Yulin bana, tana so a gyara miki ɗakin baya. Na ce ban sani ba. In kin zo, ki zo ki gaishe ta, gidan Gwaggonki ne, ba mai hana ki. Ki dai sanar da ita ranar tun da wuri, ni zan san inda zan je in wuni.

Ɗan Gwaggonki